Gyaran da Ya Girmi Ɓarna da Wata Takwas

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a wani kamfani da ke rubuta manhajar da ke tafiyar da na'urorin raba intanet, irin ƙananan akwatunan nan masu ƙyafta fitila a shaguna da ofisoshi da asibitoci. Ni dai iyakar ilimina a kansu, in tawa ta ƙi aiki in kashe in kunna. Amma na zauna da masu sana'ar, sun yi haƙuri da ni har na gane.

Shi wannan mutum, aikinsa dubawa ne. A ƙa'idar gidan, duk abin da wani ya rubuta ba ya shiga na'ura sai wani ya karanta ya sa hannu. Shekara goma sha ɗaya babu kuskuren da ya wuce ta gabansa. Har suna suka sa masa, Jan Biro.

Teburin da ke kallon nasa na wani ne da ake kira Dogo. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Dogo mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai barin kofin shayi a kan takardun mutane. Sai ga shi an damƙa masa sashen da ke karɓar saƙonni daga waje, aka kuma mayar da teburinsa bakin taga. Oga ya yabe shi a taro har sau biyu. Jan Biro ya ƙirga.

Kada ku yi masa dariya tukuna. Ni da nake muku magana, ranar da na ji an ce wani malami ya fi ni daɗin murya, abinci bai yi mini ɗanɗano ba.

A gida ma ba shi da zance sai Dogo. Har matarsa ta gaji ta ce, "Baban yara, wai Dogon nan ɗaki za mu ba shi? Kullum da sunansa muke cin abinci."

Wata safiya Dogo ya turo aikinsa, ya leƙo ta saman allon kwamfutar Jan Biro ya ce, "Ɗan uwa, zuba mini jan idon nan naka, ka san ni da gaggawa."

To, ga yadda abin yake. Duk saƙon da ya zo wa na'ura, a goshinsa ake rubuta tsawonsa. Ita kuwa na'ura ɗan gurbi ta ware masa a ƙwaƙwalwarta. Wajibi ne a gwada kafin a zuba. In ba a gwada ba, saƙon da ya fi gurbin girma zai malala cikin gurbin maƙwabci, kuma ɓarawo yana iya cusa umarninsa cikin abin da ya malala, na'ura ta bi shi kamar shi ya ƙera ta. Dogo ya manta layi ɗaya, layin gwajin. Duk abin da baƙo ya faɗa, an yarda.

Jan Biro ya gani. Cikin minti biyar ya gani.

Me ya hana shi ɗaga kai ya ce, "Dogo, ka bar ƙofa a buɗe"? Taku uku ne tsakaninsu. Amma ya ce a ransa, in na faɗa yanzu, zai gyara ya ce na gode, shi ke nan, taga tana nan wurinsa. Sai ya sa hannu. Sannan ya buɗe wani fayil a kwamfutarsa ta ofis, ya rubuta gyaran tsaf, ya ajiye. Jira yake ranar da za a ruɗe, shi kuma ya miƙe a natse ya ceci kowa.

Wata takwas yana jira. Na'urori suka fita dubu-dubu. Kullum yana gaisawa da Dogo, yana tambayarsa iyali.

Ranar ta zo, amma ba yadda ya zana ta ba. Wasu ɓarayi can wata uwa duniya suka gano ƙofar. Shaguna suka tsaya. Wani ƙaramin asibiti ya wuni ba ya iya buɗe bayanan majinyata, likita na tambayar tsofaffi wane magani suke sha, su kuma suna cewa fari ne ƙarami.

Ofis ya hargitse. Dogo ya riƙe kai, gumi har kwala. Jan Biro ya bari aka yi minti goma, don kada a ce ya yi sauri, sannan ya ce, "Oga, ina jin na samo."

Gyaran ya yi aiki. Aka tafa masa. Ya 'yan uwa, tafin nan bai kai la'asar ba.

Oga ya zo shigar da gyaran cikin rajistar aiki, sai idonsa ya sauka kan kwanan watan fayil ɗin. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ranar da aka rubuta gyaran ita ce ranar da aka sa hannu a kan kuskuren Dogo.

Ya ce, "Malam, wata takwas kana zaune a kan wannan?"

Dogo ne ya yi magana, ba da ƙarfi ba yau. Ya ce, "Ni mantawa na yi. Kai fa?"

Dogo ya sha faɗa, ya ci gaba da aikinsa, don ana zama da mai kuskure. Jan Biro kuwa aka sallame shi. To, wa zai ɗauki mai dubawa da ke gani ya yi shiru? Labarin ya riga shi zuwa duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa.

Ku lura, Dogo bai gwada saƙon da ya shiga na'ura ba. Jan Biro kuwa bai gwada abin da ya shiga zuciyarsa ba, ya buɗe wa hassada, ta malale har ta cinye shekara goma sha ɗaya na aikin kirki. In ka ga ramin da ɗan uwanka zai faɗa, ka faɗa masa yau, tun gyaran bai wuce layi ɗaya ba.

Kwanaki wani tsohon abokin aikinsu ya gamu da Jan Biro a bakin titi, da takardun neman aiki a hammata. Jan Biro bai tambayi labarin asibitin nan ba. Cewa ya yi, "Har yanzu Dogo ne a bakin taga?"

Ya Allah, Ka wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da Ka ba waninmu, Ka fara da tawa. Allah ya kiyaye mu, amin.