Dillalin da Jarrabawa Ta Tarar a Gida

Akwai wani mutum, dillalin gidaje da filaye, wanda ya yi shekara ashirin da bakwai yana wannan sana'a. Babu lungun da ƙafarsa ba ta taka ba a garinsu. In ka nuna masa fili, zai faɗa maka wanda ya fara noma shi, da wanda ya gada, da inda iyakarsa ta tsaya. Amma karatunsa bai yi nisa ba, gama a aji huɗu ya bar makaranta.

Ana nan sai gwamnatin jiharsu ta kafa doka, cewa duk mai son ci gaba da dillancin gidaje sai ya zauna jarrabawa ya sami lasisi. Aka ba su wata uku, aka kuma ba kowa littafi mai kauri. Mutumin ya kawo littafin gida, ya dire shi a kan tabarma, ya ce wa matarsa, "Malama, yau na ga ta kaina. Da furfurata za a zaunar da ni a benci?"

Matarsa kuwa malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ta yi dariya, ta ce, "Baban Godiya, shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane, kai ne za ka gagare ni? Ɗauko tabaraunka."

Tun daga ran nan, kullum bayan abincin rana sukan zauna a gindin darbejiya. Ita tana karantawa, shi yana bin layi da yatsa. Inda Turanci ya yi tsauri ta warware masa da Hausa: takardar mallaka, yarjejeniyar haya, haƙƙin mai gida da na ɗan haya. In ya amsa tambaya daidai, ta zuba masa soyayyar gyaɗa a tafin hannu. In ya fara gyangyaɗi, ta taɓa gwiwarsa da biro. Maƙwabta suna wucewa suna yi masa ba'a, shi kuwa ko a jikinsa.

A kwanakin nan akwai wani gida a hannunsa na sayarwa, can cikin kwari. Da damina ruwa yakan shiga ɗakunan har gwiwa. Amma lokacin rani ne, mai gidan kuma ya shafe bangon da sabon fenti, ya ce wa dillalin, "Abin da ba a tambaye ka ba, kada ka faɗa." Wata gwauruwa mai 'ya'ya uku ta ga gidan, ta so shi domin yana kusa da makarantar yaranta. Ta sayar da gonar da mijinta ya bar mata domin ta saya. Aka sa ranar Jumma'a za a sa hannu.

Ran Laraba, suna cikin karatu, matar dillalin ta kai ga wata tambaya. Ta karanta, "Idan dillali ya san aibin gida, mai saye kuma bai sani ba, me ya wajaba a kansa?"

Nan da nan ya ce, "Ya faɗa masa tun kafin a sa hannu."

Ta ce, "Ka ci!" Ta miƙa masa gyaɗa.

Bai buɗe hannunsa ba. Ta dube shi. Sai ya sunkuyar da kai, ya kwashe labarin gidan kwari duka ya faɗa mata.

Matar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Ni dai abin da ke rubuce na tambaye ka, ka kuwa amsa daidai." Sai ta rufe littafin, ta shiga ɗaki, ta fito masa da hularsa da takalmansa.

Ya fara zuwa wurin mai gidan, ya ce ba zai iya yin shiru ba. Mai gidan ya husata, ya ƙwace makullansa, ya rantse ba zai ƙara ba shi ko kango ba. Daga nan dillalin ya nemi gwauruwar, ya kai ta bayan gidan, ya nuna mata layin da ruwa ya bari a bango, inda fenti bai kai ba.

Ta daɗe tana kallon bangon. Sa'an nan ta ce, "Baba, da ka yi shiru, da sai Agusta zan sani."

Ya ce, "Kwana tara na yi shiru, 'yata. Ki gafarta mini."

Ciniki ya rushe, la'adarsa ta tafi. Ya yi mako biyu yana yawo har ya samo mata wani ƙaramin gida a kan tudu, mai ɗan nisa da makarantar.

Da ranar jarrabawa ta zo, ya je ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa. Ya ci, ko da yake ba da maki mai yawa ba. Amma tambayar nan ko fitowa ba ta yi ba. Ya ce wa matarsa, "Kin gani? Wadda na fi iyawa, ita ce ba su kawo ba."

Ta ce, "Sun kawo ta mana. Ran Laraba ka rubuta ta."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Littafin nan Maganar Allah ce, dillalin kuwa ni ne, kai ne, ke ce. Da yawa cikinmu mun iya amsa. In an tambaye mu ran Lahadi ko ƙarya daidai ce, baki ɗaya za mu ce a'a. Amma Ubangiji ba ya jira sai ranar ƙarshe kafin ya gwada mu. Gwajinsa yakan zo a tsakiyar mako, a shago, a gona, a ofis, lokacin da faɗin gaskiya zai rage mana wani abu, ba kuwa wanda zai sani in mun yi shiru.

Ku kuma lura da matar nan. Ba ta tona asirin mijinta ba, ba ta kunyata shi ba. Ta ƙaunace shi har ta ƙi barinsa ya tsaya a kan amsar baki. Wanda Allah ya ba shi irin wannan mutum a gidansa ko a ikkilisiya, kada ya yi fushi da shi, ya gode.

Watakila yanzu da nake magana, wani a cikinmu ya tuna da abin da ya daɗe yana rufewa, ya kuma san wanda ya kamata ya je ya faɗa wa. Ɗan'uwa, ba ƙarin karatu kake bukata ba, gama ka riga ka san amsar. Tashi ka tafi tun ba a sa hannu ba.