Ragon 'Yar Hayi

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, kuma gwanin kiwon turke. In ya ɗaure rago ya sa masa dusa da harawa da ɗan ruwan kanwa, kafin ka ankara dabba ta zama abin kallo. Mutumin kirki ne, ba ya fashin sujada, ba a kuma taɓa jin ya hana maƙwabci aron garma ba. Aibinsa ɗaya ne, shi kuwa bai ɗauke shi aibi ba: ba ya son a ga ƙaramin abu a hannunsa.

A ikilisiyarsu akwai wata 'yar garin, Malama Briskila, wadda aiki ya kai ta wata ƙasa can hayin teku. Tana koyarwa a wata 'yar makaranta ta 'ya'yan matalauta, waɗanda iyayensu suke aikin gasa jan bulo. Wata shekara ta zo hutu gida ana gab da godiyar kaka. Ranar Lahadi ta tsaya gaban jama'a ta ba da labarin yaran. Ta ce makarantar ba ta iya ɗaukar yaro sai an sami wanda zai ɗauki nauyin abincinsa da littattafansa, gama ita ma makarantar ba ta da kome.

Dattawa suka yi shawara, suka ce kowane gida ya ɗauki yaro ɗaya. Abin da gida ya kawo ranar godiya za a sayar, Malama ta tafi da kuɗin. Mutumin nan aka ba shi wata 'yar yarinya. Sunanta ya gagari harshensa, ya gwada, ya sāke gwadawa, jama'a suna dariya, sai ya ce shi dai 'Yar Hayi zai riƙa kiranta. Sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, "Ni rago zan bayar!" Mata suka rangaɗa guɗa. Guɗar nan ta shiga kansa, ta zauna daram.

To, ragon da yake da shi a lokacin, yaye shi ke nan aka yi, ƙahonsa ma bai gama tsirowa ba. Ana gobe godiya matarsa ta ce, "Maigida, in wanke ɗan ragon nan?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce, "Wannan abin? Ni da na yi magana a gaban jama'a, in jawo wannan a ce kyanwa na kawo? Bari ya cika tukuna."

Ranar godiya mutane suka fito da rawa da waƙa, wannan da damin dawa, wancan da zakara, wata tsohuwa da kabewa a ka. Shi kuwa ya zauna hannu rabbana, duk wanda ya dube shi sai ya ce, "Nawa yana turke, za ku gani."

Da Malama Briskila za ta koma, ta zo yi masa sallama, ta ga ɗan ragon yana tsalle a tsakar gida. Ta ce, "Baba, ku ba ni shi haka. Abin da za a samu ya isa a sa yarinyar a aji."

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ke kin san alli, ni na san kiwo. In na ba da wannan yau, abinci kawai zai saya mata. In ya cika, har takalma da riga za ta samu. Ki ce mata babanta na hayi yana tafe."

Kada ku ce ba ya ƙaunar yarinyar. Yana ƙaunarta ƙwarai. Kowace safiya sai ya sa ta a addu'a tare da 'ya'yan cikinsa. In yana zuba wa ragon dusa yakan shafa bayansa ya ce, "Ci, ci da kyau, karatun 'Yar Hayi ne a jikinka." Harawar da ta fi kyau ta rago ce. Ruwan da ya fi sanyi na rago ne. Matarsa takan ce ko ita ba ta samu irin wannan gata ba tun da aka kawo ta gidan.

Godiya ta sāke zagayowa, amma Malama ba ta sami hutu ba. Dattawa suka tattara abin da aka kawo don su aika mata, suka zo wurinsa. Ya ce a'a, a gaban Malama ya yi alkawari, a hannunta kuma zai cika shi. Ga shi ma yanzu ne ragon ya fara ajiye kitse, ai ɓarna ce a kwance shi. Dattawa suka tafi, rago ya ci gaba da ci.

A kwana a tashi Malama Briskila ta dawo. Mutumin nan ya wanke ragonsa da sabulu, ya sa sabuwar igiya, ya nemi maƙwabcinsa ya taya shi ja, gama ragon ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da suka shigo da shi majami'a ranar godiya, sai da masu kiɗa suka tsaya. Mata suka yi guɗa har muryarsu ta dishe. Abin da ya daɗe yana jira ke nan, ya kuwa same shi cif.

Bayan an tashi ya je wurin Malama, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "To, 'yata, ga alkawari. A sa 'Yar Hayi a aji, a saya mata duk abin da take so."

Malama ta sunkuyar da kai. Sa'an nan ta ce, "Baba, yarinyar ta jira. Kullum takan zo ta zauna a ƙarƙashin tagar aji, tana jin abin da ake koyarwa, tana zana baƙaƙe a ƙasa da yatsa. In na fito ta tambaye ni ko saƙonku ya iso, in ce mata yana hanya. Mahaifinta ya ƙyale ta saboda ƙanƙanuwa ce, ba ta da amfani a wurin aiki. Da wuyanta ya yi ƙwarin ɗaukar bulo, ya zo ya tafi da ita. Daga baya aiki ya ƙare a wurin, suka yi ƙaura, ba wanda ya san inda suka nufa." Ta dubi ragon, ta ce, "Baba, ba shi kaɗai yake girma ba."

Mutumin nan ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Ragon nan tun yana ɗan ƙaraminsa, da gaske da ya isa?"

Ta ce, "Da ya isa, Baba."

Aka sayar da ragon, ya yi kuɗi sosai, waɗansu yara suka shiga makaranta ta dalilinsa. Mutane suka yi ta yi masa godiya, amma kowace godiya kamar ana watsa masa barkono a ido. Ya koma gida ya yi kuka irin wanda matarsa ba ta taɓa ganin ya yi ba. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ta dai zauna kusa da shi. Har ya tsufa, duk sa'ad da Malama ta zo yakan tambaye ta ko an ji labarin yarinyar, ita kuwa ta girgiza kai.

'Yan'uwa, ma'anar misalin nan ba a ɓoye take ba. Mutumin nan mu ne. Ragon shi ne alherin da muka yi niyya, muka ɗaure shi a turke muna jira ya kai yadda za a yabe mu. Ba rowa ce ta hana shi ba, da rowa ce da mun gane ta da wuri. Kunya ce da son girma suka sa rigar alheri, har shi kansa ya ɗauka domin yarinyar yake jinkiri.

Kun san muna tara gudummawa domin makarantar yaran nan na ƙetare. Na ji waɗansunmu suna cewa sai an sayar da amfanin gona, sai al'amura sun daidaita, sai sun sami abin da ba za su ji kunyar miƙawa ba. Ni ma na san daɗin wannan magana. Amma Ubangiji bai tambaye mu abin da za mu samu baɗi ba, abin da yake hannunmu yau yake tambaya. Wanda yake da zakara ya kawo zakara, wadda take da kwanon gyaɗa ta kawo shi haka nan, ko ba wanda ya yi guɗa. Kyauta tana iya jira ta ƙara girma, yaro ba ya iyawa. Wanda ya isa shiga aji bana, baɗi ya isa ɗaukar kaya.