Muryar Ladan da 'Ya'yan Hansatu Uku

Ku gyara zama, mai waya a hannu ya kife ta. Abin da zan ba ku a gabana aka yi shi, kuma in na kai ƙarshe akwai hukuncin da zan nema a wurinku.

Ƙanwata Hansatu, Allah ya jiƙanta, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita shekara huɗu. A wancan lokaci babu inda ake gashin ƙashi a duk ƙasarmu ta Rafin Ɗinya, sai an yi tafiyar awa uku a mota. Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Barira ce babba, sai Tasi'u, sai auta Kubura. Da suka kawo ƙarfi, sai suka mayar da gidan uwarsu wurin kula da masu doguwar jinya, irin waɗanda asibiti ya sallama amma ƙafa ba ta taka ba, hannu bai ɗauki cokali ba. Barira ta karanci gashin ƙashi, ita ke riƙe da majinyata. Tasi'u, wanda ya yi shekara tara yana magatakarda a kotu, ya riƙe ofis. Kubura kuwa kwamfuta ta karanta, tana aiki a Abuja, amma ita ta rubuta musu manhajar da ake shigar da komai a cikinta: wa aka yi wa gashi, minti nawa, wane motsi aka koya masa. Daga manhajar nan bayani ke tafiya hukumar inshorar lafiya, hukuma ta duba ta biya. Mutanenmu ba su da ƙarfin jinyar wata shida daga aljihu. In hukuma ba ta biya ba, sai a kwashi mutum a mai da shi gida ya kwanta.

A shekarar da nake ba ku labari, majinyata arba'in da uku ne a gidan. Cikinsu har da Malam Ɗayyabu, ladanin masallacin kasuwa, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana kiran salla. A wurin alwala ya faɗi. Ɓarin dama ya mutu, magana ta ɗauke. Watansa biyar a gidan lokacin da hukuma ta sauya ƙa'idar biyan kuɗi.

Da, kowane zaman gashi da kuɗinsa. Yanzu aka ce za a biya ne gwargwadon nauyin ciwon mutum da ci gaban da ake gani a jikinsa. Suka aiko da littafi mai shafi casa'in da shida, cikin Turanci irin na lauyoyi. A shafin farko an rubuta cewa tsarin zai fara aiki a farkon sabuwar shekara, saura wata biyar. Duk gidajen jinya suka karanta wannan shafi, suka jefa littafin a durowa.

Ban da Tasi'u. Kotu ta koya masa kada ya ajiye takarda sai ya ga ƙarshenta. Ya ɗauko rula da jan biro, ya bi littafin layi-layi. A shafi na saba'in da ɗaya ya tarar da abin da ya sa ya miƙe tsaye: duk majinyacin da ya wuce kwana casa'in a kwance, dole a sake auna shi a aika da sakamakon ta sabon tsari cikin kwana ashirin da ɗaya, in ba haka ba a ɗauka an sallame shi. Takardar ta riga ta ci kwana biyar a hanya. Mutum ashirin da tara abin ya shafa. Can gaba kuma an ce wanda ya yi kwana sittin bai ci gaba ba, an rufe jinyarsa. To mene ne ci gaba? Wani shafi ya ce tafiya da amfani da hannu kawai, jadawalin da ke bayan littafin kuma ya lissafa har da haɗiya da magana. Tasi'u ya hau mota zuwa babban birnin jiha. Ya je aka ce mai maganar tana taro, ya koma aka ce ta yi tafiya. Zuwa na uku ya faɗa ranar sunan ɗansa na fari. Ni na tsaya aka raɗa wa yaron suna, ubansa yana can kan benci a bakin ofis tun hantsi har la'asar. Da likitar da ta shugabanci rubuta ƙa'idar ta fito, ya buɗe mata shafukan biyu gefe da gefe. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce shi ne na farko da ya lura. Ta rubuta cewa haɗiya da magana suna ciki, ta sa hannu, ta buga hatimi. Kafin motarsa ta iso gida, ya riga ya buga wa gidajen jinya shida waya ya ce su buɗe durowarsu.

Kubura kuwa, tun ranar da yayanta ya turo mata hoton shafin, ta nemi hutu a wurin aikinta. Aka hana. Ta ajiye musu katin shaidarta a kan tebur, ta nufi tasha. Albashinta a can ya fi na yayyenta biyu in an haɗa, amma ba ta waiwaya ba. Ta iso ta share wuri a sito, tsakanin kekunan guragu da sandunan dogarawa, ta kafa kwamfutarta. Manhajar tata a kan ƙirga zama aka gina ta, sai da ta warware ta har tushe ta sake ɗaurawa. Daga sallar asuba zuwa magariba take zaune, abinci ya huce a gefenta. A rana ta tara ta gama, ta gwada aikawa. Na'urar hukuma ta karɓi wasu, ta dawo da sunaye goma sha ɗaya, babu wani bayani sai lamba. Kwana biyu tana neman dalili, har ranar da ta gaji ta fara karanta sunayen a fili: Ɗayyabu, Ƙasimu, Sa'adatu, Ɗanladi, Rabi'atu. Nan ta gane. Na'urar can ba ta san lanƙwasar baƙaƙenmu ba. Wani ma'aikaci ya ce ai sai a goge lanƙwasar a huta.

Ta ce, "A gidan nan kowa da sunansa yadda ubansa ya raɗa masa. In na'urarsu ba ta iya ba, tawa za ta yi mata tafinta."

Haka ta yi. A allon gidan suna yana nan daidai, in za a aika sai manhaja ta juya shi yadda yake a katin inshora. Ba ta tsaya nan ba. Ta ware ƙa'idojin biya a wuri guda, yadda in hukuma ta sake sauya su Tasi'u da kansa zai shiga ya gyara. An sauya su sau biyu tun daga nan, kuma kowane karo tsakanin azahar da la'asar aka gama.

Sai Barira. Manhaja ta tsaya da ƙafarta, amma gurabenta wayam suke sai an cika su da awo. Mutum ashirin da tara, kowanne abu goma sha ɗaya za a gwada masa: zama, miƙewa, taku, riƙon kofi, haɗiya, da sauransu. Ƙa'ida ta ce mai takardar shaidar aikin ne kaɗai zai auna, kuma ita kaɗai ce mai ita a gidan. Ta ɗora wannan a kan gashin yau da kullum, ba ta rage wa kowa mintinsa ba, har ƙafafunta suka kumbura ta koma yawo da silifas ɗin mijinta. Wani da ke riƙe da irin wannan gida a wani gari ya ba ta shawara: tunda mai ciwo mai nauyi aka fi biya wa, ta riƙa rage makin kowa kaɗan. Ta ce masa abin da hannunta ya taɓa shi za ta rubuta.

Da ta zo kan Malam Ɗayyabu, gaskiyar ta yi ɗaci. Kwana saba'in ƙafa da hannu ba su ƙaru da komai ba. Magana ce kaɗai za ta cece shi, shi kuwa ya riga ya fid da rai. In ta nuna masa katin da aka zana kofi ko kujera ta ce ya faɗa, sai ya juya fuska bango. Dattijo ne, yana jin an mai da shi ɗan aji ɗaya. Saura kwana biyu wa'adi ya cika, ta ajiye katunan. Rana na gocewa ta tura kekensa bakin taga.

Ta ce, "Baba, lokaci ya yi, kuma yau babu wanda zai kira mana. Ko za ka taimaka?"

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya kai kunne. Kabbara huɗu suka fito, da ƙyar, amma sun fito, har ya shiga kalmar shahada kafin numfashi ya yanke. Barira ta buɗe littafinta, inda ta rubuta tun watansa na biyu a gidan cewa gaɓa ɗaya kawai yake iya furtawa. Ta ƙirga kalmomin yau ta shigar, ta ƙara da cewa ya tashi daga koko ya koma tuwo mai laushi. Washegari aka aika da duka ashirin da tara. Bayan mako uku masu bincike suka zo, suka zaɓi majinyata takwas da kansu suka sake aunawa, ba su sami bambancin maki ko ɗaya ba. Wasu gidajen da suka yi wasa da awo an dakatar da su. A namu ko mutum ɗaya ba a mayar gida ba.

Bayan wata bakwai, wata Laraba, ina rumfar masu goro sai na ji lasifikar masallacin kasuwa ta yi ƙara. Muryar ta yi nauyi, tana jan kalma, amma babu wanda bai gane ta ba. Mahauta suka ajiye wuƙa. Masu awon hatsi suka tsaya da kwano a hannu. Ni dai ban ɓoye hawayena ba, duk wanda na haɗu da shi sai na ce masa, ka ji wannan? Aikin 'ya'yan ƙanwata ne.

To, ga inda maganar take. Babban ɗan Malam Ɗayyabu, Alhaji Sagir, mai fataucin riɗi, ya biya wa mahaifinsa kujerar Makka, likita kuma ya ce jikinsa ba zai ɗauki tafiyar ba. Dattijon ya ce a ba wanda ya dawo masa da muryarsa. Alhaji Sagir ya zo ya same ni, ya ce, "Baba, kai ne kawunsu. Kujera ɗaya ce, suna ɗaya za a rubuta. Ka ba ni shi kafin Alhamis."

Na tara su ukun. Babu wanda ya taɓa zuwa Makka a cikinsu, kuma ba su yi mini kawaicin ƙarya ba. Tasi'u ya ce, "Kawu, kowannenmu yana so. Amma duk wanda ka zaɓa, mu biyun za mu raka shi filin jirgi."

Na tambayi uwargidana, ta ce Barira mana, ita ta buɗe bakin mutumin, kuma gaskiyarta ce ta tsaya wa gidan ranar bincike. Liman ya ce ba don Tasi'u ba, da wa'adi ya wuce kowa na zaune, kuma ba don takardarsa mai hatimi ba, da ko Malam ya kira salla sau goma ba za a lissafa ba. Ma'aikatan gidan suka ce ni in tuna sunan Malam Ɗayyabu yana cikin goma sha ɗayan da aka dawo da su, da Kubura ba ta bar aikinta ta gano dalili ba, da takardar Tasi'u da awon Barira duk suna nan a ɗaki.

Yau Talata. Ku kuka ji komai, ban ƙara wa kowa ba, ban rage wa kowa ba. Tsakanin wanda ya gano, da wadda ta gina, da wadda ta auna, sunan wa zan kai wa Alhaji Sagir?