Dutsen da Gajimare Ya Rufe

An ce a garin Rimin Gayya an yi wani hakimi, Magaji Barau, mai hankaka mai magana. Hankakan nan furfura ta fara kama masa wuya, amma shi cewa yake farin ƙirjinsa ne ya ƙaru don kyau.

Ran nan da hantsi, ana yayyafi, mahaifiyar hakimi ta aiko da tuni, a kai ta garinsu ta ga ƙanwarta tun idonta na rarrabe fuska. Hakimi ya ce, "A ce wa Inna ta bari damina ta wuce."

Hankaka ya gyara fiffike, ya yi tsaki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da rani cewa ka yi zafi ya yi yawa. Ni dai ba a shawara da ni, sai jifa da ƙanzo kamar kazar gida. Da ana tambayata, da na ba da labarin Ilu direba."

"Ba mu, sarkin ƙorafi."

Hankaka ya ce:

Ilu yana da uba, Baba Nomau, wanda a zamanin fataucinsa ya taɓa hango dutsen nan mai aman wuta na ƙasar Kamaru. Burinsa ya sake ganinsa. Kowane rani Ilu sai ya ce, "Baba, lokacin dakon albasa ne, bari kasuwa ta lafa." Ita kuwa ba ta lafawa sai ruwa ya sauka. Da Ilu ya ga tsoho ya fara laluben ƙofa, ya sa shi a mota tsakiyar damina. Suka sha taɓo, suka kafe, aka tura su, har suka isa. Suka tarar gajimare ya lulluɓe dutsen ƙaf, ko gindinsa ba a gani.

Suka fake a rumfar wata mai gasa masara, Gwaggo Tabawa, Bahaushiyar zango. Ilu ya ce za su jira gari ya washe. Ta ce, "Ɗan nan, ba ka ji labarin Jatau mai jiran ruwa ba?" Ta ce:

"Jatau manomi ne. In ruwan shuka ya sauka, kowa ya tona ƙasa, in laima ta kai tafin hannu sai ya zuba iri. Jatau ya ce shi sai ta kai gwiwar hannu. Ya yi ta tono yana aunawa. Ranar da ta kai, geron maƙwabta ya isa ɓoye kaza. Nasa yana fitar da kai ruwa ya ɗauke. Ruwa bai yi masa rowa ba, shi ya yi wa ruwa yanga."

Ilu ya sunkuyar da kai. Can Baba Nomau ya juyo da fuska wajen da babu dutse, ya ce, "Ilu, ka gan shi?"

Nan Ilu ya gane ko gari ya washe, yanar ido ta riga ta rufe. Ya ce, "Ga shi can, Baba. Hayaƙi na tashi, bakinsa jawur."

Tsoho ya yi murmushi. "Ƙarya kake, ina jin feshi a fuskata. Amma ci gaba, haka yake ranar da na gan shi."

Tsohon bai kai wani rani ba.

Hankaka ya dubi hakimi. Sannan ya ce, "Gajimare yakan yaye, ranka ya daɗe. Na idon tsoho ne ba ya yayewa."

Hakimi ya daɗe yana kallon ruwa na zuba daga indararo. Ya tuna jiya da ya shiga gaisuwa, sai da ya yi magana Inna ta san shi ne. Ya miƙe ya ce, "Ka yi gaskiya. A fito da mota, a ce wa Inna ta ɗauko mayafinta."

"Cikin ruwan nan?" in ji dogari.

"Cikinsa."

Hankaka ya bi su da kallo, yana share ƙirji da baki. "Ko na gode babu," ya ce. Amma a hankali ya faɗa, don kada hakimi ya ji ya tsaya.