Fiyar da Ba Ta Yin Baƙi

Akwai wani dattijo a ƙasar duwatsu, yana da itatuwan fiya iri-iri a bayan gidansa. Bai taɓa yi musu shinge ba. Duk wadda ta faɗo ƙasa ta mai tsinta ce, mata masu zuwa rafi kan cika gefen zanensu su wuce.

Ana nan sai wani baƙo daga ƙasar zafi ya sayi gidan da ke kusa, ya tarar da itacen fiya guda a tsakar gida. Shi kuwa bawan Allah iri ɗaya ya sani, ƙananan nan masu kaushin ɓawo da ake sayarwa a tasha, waɗanda sai sun yi baƙi ake ci. 'Ya'yan nasa itacen manya ne, masu dogon wuya, kore shar. Ya tsinko kwando guda ya ajiye, yana jira su yi baƙi. Kullum ya leƙa, kore. Ranar da suka yi baƙin kuwa, sun riga sun ruɓe, ko kaji ba su kula su ba. Har sau uku haka. Ransa ya ɓaci, ya wasa gatari.

Sara ɗaya ya yi, dattijo ya leƙo ta katanga.

"Ɗana, me itacen nan ya yi maka?"

"Baba, 'ya'yansa ba sa nuna, ruɓewa kawai suke yi."

Dattijo ya shigo, ya ɗauki guda a wani sabon kwando da ya kwana biyar da tsinkowa, ya danna wuyanta a hankali da babban yatsa. Ta lotsa. Ya tsaga ta, ga ciki rawaya kamar man shanu. Ya barbaɗa gishiri ya miƙa masa.

"Wannan iri da korensa yake nuna. Ido ba ya gane shi, sai an taɓa."

Baƙo ya cinye tas, kunya ta kama shi, ya mai da gatari ɗaki. Daga shekarar nan shi ma ya riƙa aika wa maƙwabta kwando. Tabon saran yana jikin itacen har yau.

Ma'anar wannan misali ita ce, ba iri ɗaya Ubangiji ya dasa a gonarsa ba. Wani bangaskiyarsa a fili take, ya yi waƙa, ya ba da shaida, kowa ya gani. Wani kuwa shiru ne, amma cikinsa ya nuna sarai. Mu kuma, 'yan'uwa, mun iya wasa gatari, ni ma ban fid da kaina ba. Akwai mai zama a bencin baya wanda ka riga ka ce ba shi da amfani. Ka taɓa zuwa gidansa ka gaishe shi? Je ka a makon nan, kafin ka kai sara na biyu.