Jarmai Ɗan Sabulu da Tsohuwar Zabuwa

Wata ranar Talata, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Jarmai ya kori Zabuwa daga gindin mangwaro.

Jarmai karen Malam Ishaya ne, tsohon malamin makaranta. Kare ne mai ji da kai, don duk Asabar ana yi masa wanka da sabulu. Zabuwa kuwa tsohuwa ce mai surutu, wadda kullum takan tsince musu kaska, shi da ƙanensa Duna.

"Inna, ki daina zura mini baki a kunne," in ji Jarmai. "Karnukan unguwa dariya suke yi mini. Ni ɗan sabulu ne."

"Sabulun yana shiga tsakanin yatsunka?"

"Ko bai shiga ba, ya fi bakinki tsabta."

"To, Allah ya bar ka da kumfa."

Ta tattara 'ya'yanta suka koma bayan shinge.

Damina ce, ciyawa ta cika tsakar gida. Bayan mako uku Duna ya ƙi abinci. Sai Jarmai ma ya kwanta, jiki zafi, dasashi ya yi fari, hanci yana haɓo. Likitan dabbobi ya zo, ya cire kaska goma sha ɗaya daga kunnuwan Jarmai kaɗai. Ya ce ƙwayar cuta ce kaska ta zuba musu a jini, ya bar magani na kwana ashirin da takwas.

"Amma Malam," in ji shi, "muddin kaska na cikin ciyawar nan, ciwon zai dawo."

Duna bai kai kwana na uku ba.

Jarmai ya ja jiki har bakin shinge. "Inna."

"Wa nake ji kamar ɗan sabulu?"

"Duna ya mutu. Ni na jawo masa."

Zabuwa ta matso kusa da shi. Ta ce, "Miƙo ƙafar, ɗan nan. Ware yatsun."

Malam Ishaya ya sare ciyawa, zabi suka bi sawunsa suna tsinta. Jarmai ya warke. Har tsufansa, duk sa'ad da aka zuba masa tuwo sai ya ja da baya, zabi su fara ci.

Waɗanda suka rage a gidan su ne Malam Ishaya, da Jarmai, da Zabuwa da 'ya'yanta bakwai, da kwanon Duna da ba a ɗauke ba.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka raina mai yi maka ƙaramin aiki kullum. Gode masa tun yana kusa, domin girman kanka ba kai kaɗai yake kayarwa ba.