Kunkuru Bayan Shan Kaye

An yi wani tsohon Kunkuru da ya shekara arba'in yana shugabancin dabbobin Tafkin Maje. Yana da sani, amma girman kansa ya fi saninsa yawa. Kome aka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Haka muka tarar."

Na hannun damansa biyu ne, Beguwa mai saurin fushi, da Hawainiya wadda duk inda inuwa ta koma can take komawa.

Babbar dokarsa ita ce ba a cin ciyawar jema da ta fito a gaɓar gabas ta tafkin. A wata shekara rani ya yi tsanani, kiwo ya ƙare, ga jema kore shar, dabbobi suna kallonta da yunwa. Sai wata matashiyar Barewa ta fito takara, ta yi alkawarin soke dokar.

Ranar zaɓe aka ce kowa ya bi layin wanda yake so. Layin Barewa ya miƙe har ya zagaye tsamiya. Kunkuru ya waiwaya ya ƙirga nasa, ya ga dabbobi bakwai.

Washegari Kunkuru da magoya bayansa suka taru a gindin kuka don su san abin yi.

Hawainiya ta ce, "Baba Kunkuru, zamani riga ne. Mu ma mu ce a ci jemar, har mu ce dama ra'ayinmu ke nan. Kafin baɗi sun manta."

Beguwa ta tayar da ƙayoyinta. "Ji mara kunya. Ba dokarmu ce ta kayar da mu ba, munafukan cikinmu ne. Kai Damo, jiya na ga kana gaisawa da Barewa."

"Yaya Beguwa, gaisuwa ce kawai," in ji Damo.

"Da gaisuwa ake fara cin amana. Tashi ka ba mu wuri."

Damo ya fita, Kwaɗo ya bi shi don abokinsa ne. Kafin azahar Beguwa ta kori Jaɓa da Bushiya da Kaguwa, kowa da laifin da ta ɗora masa. Hawainiya ta dubi wurin ya yi fili, ta sulale a hankali. Da la'asar aka gan ta a bayan Barewa, ta rikiɗe ta koma ruwan ƙasa irin na sabuwar shugaba.

Kunkuru bai tsawata wa kowa ba. Ya ce, "Bar su. Wuya za ta dawo da su."

Bayan kwana uku Barewa ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Baba, na yi alkawari, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Me ya sa na da suka hana cin jemar nan? In akwai dalili, ka faɗa mini in mayar wa jama'a."

Kunkuru ya san dalilin sarai. Kakansa ya gaya masa saiwar jema ce ke riƙe da ƙasar gaɓar, in babu ita ruwa zai ɓalle. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna yadda aka yi shewa ranar zaɓe.

Ya ce, "Ai ke ce mai dogon layi. Je ki tambayi layinki."

"Baba, ba gardama na zo yi ba."

"Haka muka tarar," in ji shi, ya mayar da kansa cikin ƙoƙo.

Barewa ta daɗe a tsaye, sannan ta tafi ta soke dokar, ta buɗe wa dabbobi gaɓar. Dabbobi suka cinye jemar, da ganye ya ƙare suka tono saiwar suka haɗa da ita.

Damina ta sauka da ƙarfi. A ruwa na huɗu gaɓar gabas ta tsage, tafkin ya kwarara cikin kwazazzabo, ya tafi da 'ya'yan Kwaɗo da gidan Jaɓa. Kafin kaka ta wuce babu abin da ya rage sai taɓo.

Kunkuru ya fito yana jan ƙafa, ya hau kan dutse, yana jiran a zo a ba shi haƙuri a mayar masa da kujera. Dabbobi suka yi ta wucewa ta gabansa da 'ya'yansu, sun nufi kogi, tafiyar kwana shida. Ba wanda ya tsaya.

Ya ɗaga murya ya ce, "Saiwar jema ce ke riƙe da gaɓar. Dama na san haka za ta faru."

Barewa, wadda ke bayan ayari tana tallafa wa gajiyayyu, ta juyo. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce, "Ka sani ranar da na durƙusa a gabanka?"



Beguwa ma ta dube shi. "Baba, na kori 'yan'uwana saboda kai. Ashe kai ne ka fi kowa cutar da mu." Ta kwantar da ƙayoyinta ta shiga ayari.

Kunkuru ya yunƙura ya bi su, amma kafin ya kai bakin kwazazzabo ƙurarsu ma ta ɓace. Tafiyar kwana shida ga Barewa, wata biyu ce gare shi, kuma babu ruwa a hanya. Ya komo tsakiyar busasshen tafkin, ya tona taɓo ya shige, yana jiran daminar da ko ta zo ba ta da wurin zama.

Darasin wannan labari shi ne, yara, al'adar da aka ƙi bayyana dalilinta ba ta daɗewa, ko da gaskiya ce a cikinta. Wanda ya faɗi zaɓe bai rasa kome ba tukuna. Yana rasawa ne ranar da ya kori nasa, ya ɓoye saninsa, ya zauna yana jiran gari ya lalace don a ce shi ne mai gaskiya. In garin ya lalace, ba ya samun wanda zai mulka, kuma shi ma a ciki yake.